Tartsatsin Makunni a Jirgin Sama Haɗin Gida

A Amurka akwai masu harhaɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsu, har suka kafa ƙungiya a Milwaukee a 1953. Sharaɗin hukuma shi ne su yi fiye da rabin aikin da kansu, saboda haka sau da yawa jan wayar lantarki ma a wuyansu yake.

A wayar nan akwai makunni mai maganaɗisu, watau rile: ƙaramar wuta ta bi naɗin waya, ya jawo ƙarfe, babba ta wuce. Batir volt 12 ne kurum, amma sa'ad da aka yanke wa naɗin wuta, yakan yi tutsu da ɗaruruwan volt cikin ƙiftawar ido, ya cinye bakin makunnin matuƙi, ko ya taɓa rediyo.

Maganinsa dayod ce, 'yar aba mai barin wuta ta bi fuska ɗaya kaɗai, a gitta ta kan naɗin. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Wanda ya bar ta, kansa ya yi wa rowa. Amma lalle tsayawa nan gazawa ce. Maƙeran rile da kansu sun yi gargaɗi cewa dayod tsurarta tana jinkirta sakin ƙarfe, tartsatsi ya daɗe, alhali wutar batir ba ta saurin mutuwa kamar ta gida. In bakin rilen sitata ya narke ya manne, sitata ba za ta daina juyi ba. Gara a haɗa mata irin ta Zener, ƙarfe ya saki nan take. Wanda kuwa ya ɗaura dayod a juye, za ta ƙone tun kunnawar farko.