Ba Daga Titi Ta Ɗauko Ba

Akwai wata baiwar Allah a nan Ƙofar Kware da ba zan faɗi sunanta ba. An yi mata aure tana da shekara goma sha bakwai, ba ta taɓa fita ƙofar gida sai da izinin mijinta. Tana ɗauke da ciki na uku ta je awo, ma'aikaciyar jinya ta ɗebi jininta, aka ce tana da ƙwayar cutar ƙanjamau. Da ta koma gida ta faɗa masa, kafin magariba takardar saki tana hannunta. Shi kuwa har yau bai bari an ɗebi nasa jinin ba, kuma ina jin an fara maganar wata yarinya da zai aura.

Wannan zalunci ne, kuma mu da muke gani muna yin shiru muna da kaso a ciki.

Mun daɗe muna yaudarar kanmu cewa ƙanjamau ciwon mutanen Kudu ne, ko na matan bariki. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018, wanda Shugaba Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da cutar a ƙasar nan. A tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, mata kashi 1.9 cikin ɗari ne, maza kuwa kashi 0.9. Wato mata sun ninka maza. Gaskiya ne yankinmu na Arewa maso Yamma shi ne mafi ƙarancin masu ɗauke da ita. To amma ƙarancin adadi bai taɓa rarrashin uwar da jaririnta ke ramewa a goye ba.

A garin da namiji zai auri huɗu, ya saki, ya sake aure, bazawara ta fita daga wannan gida ta shiga wancan, mutum ɗaya da bai san halin jininsa ba ya isa ya shafa wa gidaje uku. Ban ce a daina aure ba, ban ce a daina ƙari ba. Na ce wanda zai ƙara, ya fara miƙa hannu a ɗebi jini, shi da uwargida da amarya.

Masu adawa suna cewa gwaji zargi ne, wai kamar ana tuhumar 'yar mutane da lalata. Wannan hujja ba ta tsaya da ƙafarta ba. Cutar tana shiga ta jini, ta allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, ta askar da ba a tsabtace ba, kuma uwa kan ba ɗanta a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Akwai 'yan mata da aka haifa da ita, ba su san namiji ba. Wa za a zarga a nan?

Wasu kuma su ce: in na sani, me zai amfane ni, tunda kabari ne? Wannan zancen shekaru talatin da suka wuce ne. Yau ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma ana ba da ita kyauta a asibitocin gwamnati da ke kula da masu cutar. Wanda ya riƙe maganinsa har ƙwayar cutar ta kwanta a jininsa, awo ya kasa ganinta, ba ya shafa wa abokin zamansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan mai ciki ba ta sha magani ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari na iya kamuwa. Idan ta sha, ba sa kai biyar. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe ma akwai maganin da ke kare ta, muddin an fara cikin awa 72. Mijin da ya hana matarsa zuwa awo saboda kishi ko kunya, da ran ɗansa yake caca.

Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Amma takarda kaɗai ba ta isa ba, domin kowa ya san ana iya sayen takardar ƙarya. Waliyyi ya aika wanda ya yarda da shi, a yi gwajin a gabansa. Liman kada ya ɗaura sai ya tabbatar. Idan kuma sakamako ya fito ba yadda aka so ba, a rufa asiri, a kai mutum ga magani. Tun 2014 akwai dokar tarayya da ta hana nuna wa masu cutar wariya.

Mu Sakkwatawa muna alfahari da Nana Asma'u, wadda ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a cikin gidajensu. Malaman Islamiyyarmu mata su ne magadan 'Yan Taru. Su shigar da wannan magana cikin karatu, a faɗe ta a wurin suna da wurin biki. Ke kuma 'yar'uwa, daga Ƙofar Kware zuwa Asibitin Maryam Abacha ko Asibitin Ƙwararru kuɗin Keke Napep ne kawai. Ki je a gwada ki. Kai kuma maigida, ka raka ta, kuma kai za ka fara miƙa hannu.