Wai Haihuwa Ce Laifin?

Yau a teburin mai shayi a Kinkinau har saurayi Musulmi ke cewa zalunci ne a haifo ɗa cikin wannan ƙunci. Zancen aro ne. David Benatar, wani ɗan falsafa na Afirka ta Kudu, ya yi littafi sukutum a 2006, wai gara ba a haifi mutum ba sam.

Wahala kam ana shan ta, ɗan'uwa. Amma jarirai ne suka rufe masaƙun Kakuri? Su suka janye tallafin mai a 2023? An bar jaki ana dukan taiki! Azzalumai sun wawure dukiyar al'umma, ɗan falsafa ya wanke su tas, ya gurfanar da mai jego.

Ka manta lokacin da Fir'auna ke yanka jarirai maza aka haifi Annabi Musa (AS)?