Kafin A Gama Yanka Filaye A Rumbu, A Fitar Da Na Yara

Yau alƙalamina ya nufi arewacin Dakoro ne, wato ƙaramar hukumar Rumbu da kasuwarta ta Sakabal, a kan wata magana da na san da yawa za su ɗauke ta ƙarama: ina yaranmu za su riƙa wasa? Wani zai ce, haba mai rediyo, ana ta kai wa yake ta kaya, ana kukan ruwa da tsadar hatsi kai kana zancen filin wasa? To, ku yi mini haƙuri ku bi ni har ƙarshe, domin maganar ta shafi rayukan yara, ta kuma shafi cinikinku.

Duk lokacin da Sallah ta gabato, a cikin masu bugo mana waya a gidan rediyo ba a rasa uwar da za ta tambaya ina za ta kai yaranta su huta su yi nishaɗi. Mutumin Yamai yana da amsa, domin akwai gidan tarihi na Boubou Hama da aka buɗe tun 1959, inda yara ke cika maƙil suna kallon zaki da kura da dorina. Amma daga ƙasar Dakoro zuwa Yamai tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita, kuɗin motar uwa da yara uku kuwa ya isa jarin wata mai ƙosai. Gandun dajin Gadabeji, inda aka kai raƙuman dawa takwas daga Kure a shekarar 2018, maƙwabcin Rumbu ne, abin alfahari ne kuma, sai dai ba wurin da za ka saki yaro da hantsi ka ɗauke shi da la'asar ba ne. Abin da uwa ƴar kasuwa take nema ya fi wannan sauƙi: wuri kusa da rumfarta, mai inuwa, mai shinge, inda za ta ajiye ɗan shekara uku hankalinta kwance.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar dabbobi irin ta Sakabal ya san yadda ranar take. Shanu da raƙuma na shigowa ta ko'ina, dillalai na kai da kawo, manyan motoci na ja da baya don a loda dabbobi, ƴan kabu-kabu na ratsa jama'a, amalanke na bin kowane lungu. A tsakiyar wannan hayaniya ne mai tuwo take da tukunya a kan wuta, mai ƙosai take da mai yana tafasa, ga goyo a baya, ga mai rarrafe a gefen murhu, ga wani ya fara tafiya ya ɓace mata cikin ƙafafun mutane. Ido ɗaya na kan mai saye, ɗayan na kan yaro. Sau nawa uwa take barin mai saye a tsaye ta ruga neman ɗanta, kafin ta dawo ya wuce rumfar gaba? Sau nawa take hana babbar ɗiyarta zuwa lakwal ranar kasuwa don ta riƙe mata ƙanenta? Wannan asara ce da ba a rubuta ta a littafin kowa, amma kowace mace ta san nauyinta.

Idan damina ta sauka kuma sai wani haɗarin ya ƙaru. Ramukan da aka haƙa don yin tubali su cika da ruwa, tafkuna su kawo har bakin gari, yaro kuwa ba abin da ke jan hankalinsa kamar ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2014 kan nutsewa a ruwa, ta nuna cewa ƙananan yara ƴan ƙasa da shekara 5 na cikin waɗanda abin ya fi ci, kuma daga cikin magungunan da ta bayar akwai samar musu da amintaccen wuri nesa da ruwa, tare da babba mai lura da su. A ƙasar Bangaladash, inda ruwa ya yi yawa, haka suka yi: mata na gari ne ke tara yaran unguwa a wuri guda a sa'o'in da iyaye suka fi shiga hidima. Ba wata na'ura aka sayo daga Turai ba, wuri ne kawai da mai tsaro.

Abin mamaki shi ne, mu ba baƙin wannan tsari ba ne. Kowane garin Hausa da dandalinsa aka san shi. A nan ƴan mata ke gaɗa idan farin wata ya fito, a nan samari ke langa da kokowa, ƙanana na ƴar ɓuya da carafke, tsofaffi kuwa na gefe suna dara, idonsu na kan kowa. A zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta ƙara wa wannan al'ada ƙarfi. Kokowar da muke tinƙaho da ita a yau, wadda ake fafata takobinta tun 1975, daga rairayin dandali ta taso. Kantu na Maraɗi, wanda ya fara ɗaukar takobin kuma aka sa wa filin kokowar Maraɗi sunansa, ba a ɗakin motsa jiki ya koyi kayar da mutum ba. Dandali bai taɓa samun takarda ba, domin a wancan lokaci ba wanda zai yi tunanin sayar da shi.

Yau kuwa zamani ya juya. Ƙasa ta zama haja. Da zarar gari ya fara buɗewa, kasuwa ta haɓaka, sai a shiga lotisma, a auna, a yanka, a sayar. A kan taswira akan bar wasu wurare a ce na jama'a ne, amma duk wanda ya zauna a manyan garuruwanmu ya ga yadda irin waɗannan wurare ke narkewa. Yau wani ya zuba yashi, gobe ya kafa kanti, jibi ka ga katanga ta tashi, idan ka yi magana a nuna maka takarda mai hatimi. Ko Yamai ba ta tsira ba: dajin itatuwan da aka fara dasawa a kewayenta tun 1965, mai faɗin sama da hekta 2,000, gine-gine sun cinye babban ɓangarensa. Idan babban birni, inda ministoci suke, bai iya kare itatuwansa ba, me zai kare dandalin ƙauye wanda ba shi da ko takarda ɗaya?

Wannan ne ya sa nake cewa Rumbu tana da wata sa'a da Maraɗi da Yamai suka riga suka yi asararta. Har yanzu akwai sarari, har yanzu farashin fili bai kai inda zai sa ɗan'uwa ya kai ɗan'uwansa gaban alƙali ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutanen Nijar sun haura miliyan 17, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Ma'ana, garin da kuke gani yau zai ninka nan da shekarun da ba su da yawa, filin da ake kiwon awaki a bayan kasuwa yau, gobe shi ne tsakiyar gari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mutanen wannan yanki kuma sun fi kowa sanin yadda ake kare fili. Rumbu tana bakin kwarin Tarka ne, inda gona da makiyaya suke haɗuwa, inda dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Saboda rigingimun manoma da makiyaya ne dokar ƙasa ta karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda muke kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye. Kun ga yadda aka bi burtali aka kafa masa turakun siminti, aka rubuta shi a littafi, ta yadda duk wanda ya sa garma a ciki ya san ya taka doka. Wannan aiki ne mai kyau, ya hana zubar da jini. Tambayata ita ce: idan mun iya shata wa saniya hanyarta, me zai hana mu shata wa yaro wurin wasansa? Kwamitin yana nan, maigari yana nan, hanyar yin takardar sananniya ce.

Kada kowa ya ɗauka ina nufin irin wuraren shaƙatawa da ake gani a talabijin, masu lilo na lantarki da tikitin shiga. Abubuwa huɗu kawai nake roƙo. Na farko takarda, wadda za ta ce wannan fili na yaran gari ne, ba a sayar da shi, ba a ba da aronsa, a karanta ta a gaban jama'a ranar kasuwa domin kowa ya zama shaida. Na biyu shinge mai ƙofa ɗaya, wanda zai hana dabba da babur shiga, ya hana ƙaramin yaro fita. Na uku inuwa da randar ruwa, domin wanda ya san zafin watan Afrilu da Mayu a ƙasar Dakoro ya san fili marar inuwa kasko ne. Na huɗu mai lura, dattijuwa ɗaya ko biyu da gari ya yarda da su, a riƙa ba su ɗan abin goro ranar kasuwa.

A kan inuwa ina da gargaɗi. Kada a yi rumfar zana ko ta kara a tara yara a ciki. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai cikin watan Afrilu, ta kashe yara kusan 20, sannan a watan Nuwamba ta sake faruwa a Maraɗi, inda yara sama da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Itace za a dasa, irin su bedi marar ƙaya, a yi masa kariya daga awaki, a ba shi ruwa rani biyu ko uku har ya kama ƙasa. Duk ranar 3 ga Agusta ana dashen itatuwa a ƙasar nan, da yawansu kuma suna mutuwa don ba mai su. Wanda aka dasa a filin yara yana da iyaye mata da za su shayar da shi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ku ƴan kasuwa za ku fara tambaya. A nan jahar Maraɗi ne aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, tsarin da daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Matan da suka koya wa duniya asusu ba za su gagara shinge ba. Mu yi lissafi: mata 100, kowace ta ajiye dala biyar ranar kasuwa, jika biyu da rabi ke nan a mako, jika 130 a shekara. Dillalan dabbobi da masu motoci da mahauta su sa nasu hannun. Ita kuma ma'aikatar magajin gari, wadda take karɓar tikitin kasuwa daga hannunku kowane mako, a kan kowace dabba da kowace rumfa, ta ba da filin da turakun. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, shugabannin riƙo ne ke jan ragama, to su ma ƙofarsu za a buga, domin kuɗin da ke shiga asusunsu guminku ne.

Na san akwai masu cewa daji faɗi gare shi, yaro ya yi wasa ko'ina. Gaskiya ne ga ɗan shekara goma da ke bin awaki, amma ɗan shekara biyu da uwarsa ke suya a kasuwa ba shi da daji, gindin murhu gare shi. Akwai masu cewa wurin zai zama matattarar ƴan shaye-shaye da dare. Wannan tsoro yana da tushe, maganinsa kuwa ƙofa da kwaɗo, da kuma zaɓen wuri a idon jama'a, kusa da masallaci ko lakwal, ba bayan gari ba. Akwai kuma masu ganin wasa ɓata lokaci ne, gara yaro ya ɗauki talla. Ga waɗannan nake cewa, ƙasarmu ta sa hannu tun 1990 a kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare haƙƙin yara, wadda sashenta na 31 ya amince wa yaro da hutu da wasa. Ko ba yarjejeniya ma, kakanninmu da suka bar dandali a tsakiyar gari ba wawaye ba ne. A wurin wasa yaro ke koyon jira har layinsa ya zo, da haƙuri idan an kayar da shi, da zama da ɗan Bafillace da ɗan Buzu da ɗan Bahaushe ba tare da tambayar asali ba. Yankin da zaman lafiyarsa ya dogara ga fahimtar manomi da makiyayi bai kamata ya raina wannan makaranta ba.

Don haka ina kira ga shugabar mata ta kasuwa, da sarkin kasuwa, da sarkin dillalai, da limamai da masu gari na Rumbu: ku zauna tun kafin mai awon fili ya iso da igiyarsa. Ku zaɓi wurin, ku je Kofo, ku karɓo takarda, ko da shingen sai baɗi. Itace zai iya jira, shinge zai iya jira, fili ne kaɗai ba ya jira, domin ranar da aka sayar da shi ya tafi ke nan. Abin da na faɗa game da Rumbu kuma ya shafi Kornaka da Sabon Mashi da Birnin Lalle da duk garin da kasuwa ke ci.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a cinikinku, ya ba shugabanninmu kunnen sauraro. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan mai duka ya kai mu.