Ra'ayinmu: A Raya Tsohon Keke, Amma a Sabunta Birkinsa

A shekarar 1997 Giancarlo Brocci ya tara mahaya 92 a garin Gaiole da ke yankin Chianti na Italiya, suka hau tsofaffin kekunan tsere a kan hanyoyin burji. Daga nan taron L'Eroica ya samo asali, wanda a yau dubban mutane ke halarta duk watan Oktoba. Sharaɗin shiga shi ne keken ya zama ƙirar 1987 ko kafin nan, ko wanda aka ƙera bisa wannan salo: firam na ƙarfe, hannun sauya giya a jikin firam, wayoyin birki a waje, feda mai maɗaurin ƙafa. Hanya mafi tsawo ta haura kilomita 200.

Wannan farfaɗowar tsofaffin kekuna ta raba kan masu gyara gida biyu. Ɓangare na farko na cewa kada a taɓa komai. A wurinsu fentin asali, ko da ya koɗe, shaida ce ta tarihi, kuma duk wanda ya kankare shi ya shafe abin da ba ya dawowa. Suna da hujja. Firam ɗin da aka haɗa da bututun Reynolds 531, wanda ya fito tun 1935, aikin hannu ne da ya cancanci girmamawa, kuma masu saye sun fi daraja keken da bai rabu da kayansa na asali ba.

Ɓangare na biyu na cewa keke don hawa aka yi shi. Su ma ba su faɗi ƙarya ba. Robar birki da ta shekara arba'in ta bushe, ba ta kamawa. Gargaren ƙarfe mai sheƙi yana sulɓi idan ruwa ya taɓa shi. Tsofaffin giyoyi suna da nauyi a hawan tudu, su wahalar da gwiwar dattijo. Ga kuma matsalar kayan gyara: tsohuwar taya mai inci 27 ba ta shiga gargaren 700C na zamani, kuma tsofaffin kekunan Faransa irin su Peugeot suna da zaren noti nasu daban.

Mu a nan wannan muhawara ba baƙuwa ba ce. Kekunan Raleigh na Ingila sun yi wa iyayenmu hidima shekara da shekaru, daga gona zuwa kasuwa, amma yau da yawansu na ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, ana auna su a sikeli. Alhali muna da masu gyaran keke da suka iya miƙar da firam, su ɗaure gargare, su sauya boris da giris. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wannan gwaninta ita ce mutane ke biya da tsada a Turai.

Matsayinmu shi ne a raba abin tarihi da abin da rai ya rataya a kansa. Firam, fenti, tambari da sirdin fata a adana su iyakar iyawa, a tsayar da tsatsa ba tare da an rufe asali ba. Taya, robar birki, wayoyi da sarƙa kuwa a sabunta su ba tare da jinkiri ba, sannan a duba firam da kyau ko akwai tsagewa kafin a hau. Duk kayan asalin da aka cire a ajiye su, domin mai gadon keken ya iya mayar da su. Keken da ya zama tilo a tarihi ya dace da gidan adana kayan tarihi. Sauran duka a gyara su, a fito da su kan hanya.