SANA'O'IN ZAMANI: MAƘERAN JIRGIN SAMA

In jirgi ya wuce bisa Safo, yara su kan bar wasa su ɗaga kai. Bayan girbi sai ka ga wani ya tara karan dawa ya sassaƙa jirgi, har da fukafukai. Uba ya ce wannan ɓata lokaci ne, gara ya bi awaki. To, a wannan wata ga labarin masu sana'ar ƙera jirgi, waɗanda ake kira injiniyoyi.

Yaya jirgi yake tashi? Injinsa yana shaƙar iska ta gaba, ya matse ta kamar zugazugin maƙeri. Sai a fesa mata kananzir, wuta ta kama. Iskar mai zafi ta fita ta baya da ƙarfi, ita ce ke tura jirgi gaba. Aikin injiniya shi ne ya auna ƙarfe, ya auna zafi, ya lissafta mai, don kada injin ya narke ko ya mutu a sama.

Roka kuwa ta wuce jirgi nisa. Tana zuwa inda babu iska, shi ya sa take ɗaukar iskar da za ta hura wutarta a cikin tanki. A da, yawancin rokoki tafiya ɗaya suke yi su faɗa teku. Kamar mutum ne ya sayi amalanke, ya kai gero kasuwar Maraɗi sau ɗaya, ya yar. Ran 21 ga Disamba 2015, a Amurka, injiniyoyin kamfanin SpaceX suka maido da gindin rokarsu Falcon 9. Ya juyo, ya sake kunna wuta don rage gudu, ya buɗe ƙafafu 4, ya sauka a tsaye. Yanzu ana gyara irinsa a sake aiki da shi.

Kada a ce wannan aikin Turawa ne kaɗai. Shek Modibo Diyara, haifaffen Nioro a ƙasar Mali, ya yi aiki a NASA, hukumar sararin sama ta Amurka. Yana cikin waɗanda suka yi aikin na'urar da ta sauka a duniyar Mars a 1997. A Kano, a 2007, wani ɗalibi mai shekara 24, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda. Wata 8 ya yi yana aikin. Jirgin bai wuce kamar mita 2 daga ƙasa ba, amma ya tashi. A Kaduna, sojojin sama na Najeriya sun ƙera jirgi marar matuƙi, suka sa masa suna Tsaigumi, aka nuna shi a 2018.

Makarantu ma suna kusa. A Zariya akwai makarantar koyon tuƙin jirgi da gyaransa tun 1964. A Yamai akwai EAMAC tun 1963, inda ake koyon tsaron hanyar jirage da duban yanayi. Masu duban yanayi su ne ke ba da labarin ruwan sama da manomi yake ji a rediyo.

Amma duk hanyar nan daga lakkol ta gari take farawa, da karatu da lissafi. Yaron da aka cire daga aji don kiwo ko noma, an rufe masa ita tun daga ƙofa. Gaskiya ne gona tana son hannu, dabbobi suna son mai bi. Sai dai gida zai iya raba aiki, yaro ya taimaka da marece da ranar hutu. Yarinya ma haka, lissafi bai san mace ko namiji ba.

Ba kowane yaro zai ƙera roka ba. Amma wanda ya iya lissafi, ko injin ban ruwa na fadamar Madarumfa ya lalace, zai san inda ciwon yake. Uban da ya tarar da jirgin kara a tsakar gida, kada ya taka shi. Da rarrafe yaro kan tashi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.