Modem Ko Rauta? Uwargida, Yi Tambaya Kafin Ki Kwance Bakin Zane

'Yan'uwana mata, da ku 'yan matanmu na makaranta, maganarmu ta yau a kan ɗan akwatin nan ce mai kawo intanet cikin gida. Da yawa daga cikinmu sukan ce wannan ai sha'anin maza ne, mai gida ya sayo wanda ya ga dama. To, amma idan ya sayo, wa ke wuni da abin? Ke ce da yaranki. Sau da yawa ma kuɗin adashenki ne ake cikawa da su. Saboda haka lalle ne ki san abin da za a saya, ki kuma sa baki.

Kada wata ta ɗauka wannan kayan ƙawa ne kawai. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta baki ɗaya. A 2020 kuwa, da aka rufe makarantu saboda annobar korona, mun ga yadda yaran da ke da intanet a gida suka ci gaba da karatu, sauran suka zauna. Haka nan matan aure masu sayar da atamfa ko turaren wuta daga cikin ɗakinsu, ta WhatsApp suke samun masu saye.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, kwanan baya mahaifiyar wata ɗalibata ta zo mini da wani akwati mai ƙahoni huɗu, sabo fil. Ta ɗauki adashe ta saya wa 'yarta a kasuwa, aka ce mata rauta ce. An jona ta da wuta, fitilunta sun kama, amma intanet ko ƙyas. Da muka juya bayanta sai muka ga ba ta da wurin sa layi. Rauta ce ta gaskiya, ba jabu ba, sai dai ba ita gidan ke bukata ba. Rashin sanin bambanci ne ya cinye wannan kuɗi.

Ga bambancin a sauƙaƙe. Ki ɗauki intanet kamar ruwan famfo. Modem shi ne bututun da ke jawo ruwa daga babban bututun titi zuwa cikin gida, watau shi ke magana da kamfanin sadarwa, ko ta iska daga ƙarfen sabis, ko ta waya. Rauta kuwa ita ce mai rarraba ruwan, wannan zuwa madafa, wannan zuwa makewayi. Ita ke watsa wayfay domin wayar uwargida da ta amarya da kwamfutar yara duk su samu a lokaci guda. Rauta ba modem, kawunan famfo ne ba ruwa. Modem ba rauta, famfo ɗaya ne tak a gida mai mutum goma.

A kasuwanninmu an cakuɗa sunayen, don haka ki lura da iri huɗu. Na farko, ɗan ƙaramin modem mai kama da yatsa, wanda ake sa wa layi a soka a jikin kwamfuta. Yawancinsa kwamfuta ɗaya yake yi wa aiki. Na biyu, modem na aljihu mai batir, wanda ake kira MiFi. Wannan akwai 'yar ƙaramar rauta a cikinsa, yakan ɗauki waya kamar goma, amma ƙarfinsa ba ya nisa, kuma batirinsa na 'yan awoyi ne. Na uku, akwatin ajiyewa a gida mai wurin sa layi, wanda ya haɗa modem da rauta a jiki ɗaya. Shi ya fi kama sabis, ya fi kai wa ɗakuna, yawanci kuma yana ɗaukar na'urori wajen talatin. Na huɗu, rauta zalla, irin wadda baiwar Allah nan ta saya. Ba ta da amfani sai a gidan da wani kamfani ya riga ya ja wa wayar intanet, ko akwai wani modem da za a jona ta da shi.

To, wanne za a saya? Ra'ayinmu a wannan fili shi ne, gidan da masu amfani da intanet suka kai uku ko fiye, a sayi akwatin nan na uku. Dalilinmu ba na ƙarfin na'ura kaɗai ba ne. Abin da ya shiga aljihu, ƙafa gare shi. Mai gida zai tafi da shi kasuwa ko ofis, ko babban yaro ya fita da shi majalisa, a bar mata da 'yan mata suna jira sai bayan isha'i, alhali su ne ke wuni a gida. Akwatin da ke jone da bango ba ya zuwa ko'ina. Amma yarinyar da ke kwana a jami'a ko kwalejin horon malamai, na aljihu ya fi dacewa da ita. Amarya kuwa da ke zaune daga ita sai angonta, kada ta wahalar da kanta. Wayar hannunta ma tana iya raba intanet ga wata wayar ko kwamfuta, sai dai tana shan caji.

Kafin a biya kuɗi, ga abubuwan dubawa, domin a guji cinikin biri a sama. Da farko a gwada sabis a cikin gidan, ba a shagon mai sayarwa ba. Ki ari layin MTN da na Airtel da na Glo wurin maƙwabta, ki gwada kowanne a ɗakinki da safe da kuma bayan magariba, lokacin da jama'a suka yi yawa a kai. Wanda ya fi ƙarfi a unguwarku shi ne naki, ko da ƙawarki ta wata unguwa ta yabi wani. Sannan ki tambaya ko akwatin a kulle yake. Waɗanda kamfanonin waya ke sayarwa da rangwame galibi layinsu kaɗai suke karɓa. Kuma layin da za a sa sai an yi masa rajista da lambar NIN.

Kada kuma a ruɗe ki da sunan 5G. MTN ya fara shi a Nijeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, amma ba kowace unguwa ya kai ba. Inda bai kai ba, akwatin 5G mai tsada aikin 4G zai yi miki, kin biya kuɗin doki kin hau jaki.

Sai maganar wuta. Akwatin gida ba ya aiki in an ɗauke wuta, sai in yana da batir a ciki. Ki tambayi wannan tun a shago. In babu, akwai ƙaramin batir na musamman da ake jona masa, ko a haɗa shi da sola in gidan na da ita.

Babbar magana kuwa ita ce data. Sayen akwati sau ɗaya ne, ciyar da shi kuwa kowane wata. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Don haka ku zauna da mai gida ku yanke abin da za ku iya kowane wata, kamar yadda kuke yi wa cefane. Kallon bidiyo shi ke cinye data, saƙon rubutu ba ya cin komai a kansa. In aka sakar wa yara fina-finai, abin da aka saya don wata guda ba zai kai mako biyu ba.

Idan akwati ya iso, a ɗora shi a wuri mai tudu kusa da taga, a tsakiyar gida in da hali. Kada a tura shi cikin kabad ko bayan jeren kwanoni, domin ƙarfe da katanga mai kauri suna tare shi. Kalmar sirrin da ya zo da ita tana rubuce a jikinsa, duk baƙon da ya ɗaga shi ya gani. A canja ta tun ranar farko, uwargida kuma ta san sabuwar. Ajiye shi a inda kowa ke gani yana kuma taimaka miki ki san lokacin da yara ke kai, ki kashe in dare ya yi.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne idon iyayenku a wannan sha'ani. Ku raka su kasuwa, ku karanta abin da ke jikin kwali, ku nemi wurin sa layi da idonku, ku karɓi rasit. Matambayi ba ya ɓata.

Sai mun sake saduwa a wannan fili. Ku huta lafiya.