Ma'aikaciyar jinya a ƙauye da majinyacin ƙwaƙwalwa: wa ke duba aikinta?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Dokar ta amince cewa mai taɓin hankali majinyaci ne mai haƙƙi da mutunci. Sai dai a ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura, wadda za ta aiwatar da wannan haƙƙi ita ce ma'aikaciyar jinyar ƙaramin asibiti, mai awon ciki da safe, rigakafi da rana, da yamma kuma a kawo mata saurayin da ya kwana uku bai runtsa ba yana sambatu.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma mafi yawansu a birane suke. Saboda irin wannan giɓi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shiri a 2008 na horar da ma'aikatan matakin farko su gane cututtuka kamar baƙin ciki mai tsanani da farfaɗiya da ruɗewar hankali. Amma shirin bai tsaya ga bita ba. Ya gindaya cewa gwani ya riƙa bibiyar wanda aka horar.

Bibiyar da ake nufi ta bambanta da ziyarar sufeto mai duba rajista da neman laifi. Zama ne a kan kari, misali duk wata, tsakanin ma'aikaciya da wani ƙwararre da ya riga ta a fagen. Su ɗauki majinyata ɗaya bayan ɗaya: me aka gani, me aka bayar, me ya biyo baya, wa ya kamata a tura gaba. Ita ma ta sami inda za ta faɗi tsoronta da gajiyarta ba tare da fargabar horo ba.

Ga misalin amfaninsa. Wasu magungunan taɓin hankali kan sandarar da wuya, su karkatar da harshe, su sa dalala. Wadda ta sani za ta rage ƙwayar ko ta haɗa da mai warware hakan. Wadda ba ta da mai yi mata bayani za ta ruɗe, dangi kuma su ce aljanu ne suka ƙi magani, su ɗauke ɗansu. Inda ake kai shi ba ɓoyayye ba ne: a watan Oktoban 2019 'yan sanda sun fito da mutane daga gidan mari a Daura, maƙwabciyarmu, bayan irin wannan samame a Rigasa ta Kaduna.

Magabata sun san wannan. A shekarar 931 Miladiyya, bayan kuskuren wani likita ya yi ajalin majinyaci a Bagadaza, Halifa Muƙtadir ya umarci Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba likitoci kafin a bar su su yi aiki. Shi dai Sinanu ne aka ɗora wa aika likitoci da magunguna zuwa ƙauyukan Iraƙi. Duba aikin mai magani amana ce, kamar yadda ɗalibi ba ya fatawa sai malaminsa ya ji karatunsa.

Yankinmu yana da abin farawa, domin asibitin masu taɓin hankali na jihar Jigawa a Kazaure yake. Abin da ya rage shi ne gwamnati ta ware wa ƙwararrun ma'aikatansa ranaku da abin hawa da man fetur don zagaya ƙananan asibitoci, da layin waya na neman shawara tsakanin ziyara da ziyara. Za a ce ma'aikatan ba su wadatar da asibitin kansa ba. Gaskiya ne, amma duk majinyacin da aka riƙe da kyau a Gwiwa, gado ɗaya ne aka sauƙaƙe wa Kazaure. Haɗarin da ya fi girma shi ne bibiyar ta rikiɗe ta zama cike takarda da karɓar alawus.

Mu malamai kuma, mu ne ƙofar farko da iyali ke ƙwanƙwasawa. Ruƙya ta shari'a ba ta hana magani. Idan aka kawo mana mai jego da ta daina barci tana ƙin jaririnta, mu yi addu'a, mu tura ta asibiti a ranar, kada kuma mu taɓa cewa a ajiye ƙwaya. Wanda shari'a ta ɗauke masa alƙalami, nauyinsa ya dawo wuyanmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya taimaki masu jinyarsu.